Jita a kiɗan gargajiya: Abin da ya kamata uwa ta saurara a wayar ɗanta

Idan gidanku yana ƙasar Bagudo, ko kina da dangi a Illo, Lolo, Kaoje ko Tsamiya, kin san cewa waƙa ba ta tsayawa a shingen kwastan. Memori ɗaya da yaro zai kai wa mai tura waƙoƙi a kasuwa, sai ya dawo da shi cike da waƙar fim ta Kano, da ta Zabarmawa daga Yamai, da ta Dandawa daga wajen Malanville, da ta Buzaye daga Agadas. In kin kasa kunne da kyau, a cikin da yawa daga waƙoƙin da ke tsallakowa daga Nijar za ki ji wani amo yana tafiya tare da kalangu ko molo, amon da kakanninmu ba su tashi da shi ba. Jita ke nan.

Iyaye da yawa suna kallonta a matsayin baƙuwar da ta zo raba 'ya'yansu da kiɗan gida. Fargabar tana da dalili, domin makaɗan molo da goge suna tsufa, kuma ba kowane ɗansu ne ke son gadon sana'ar ba. Amma kafin ki yanke wa jita hukunci, yana da kyau ki ji labarin wata ƙasa da ta riga mu shiga wannan gardama da kusan shekara ɗari. Darasin da ke ciki ya shafi wayar da ke hannunki yanzu: abin da aka naɗa shi yara ke ɗauka a matsayin gargajiya, abin da ba a naɗa ba kuwa yakan bi masu shi kabari.

Yadda abin ya faru a Ayalan

Ayalan tsibiri ne da ke yamma da Ingila. Mutanenta suna da kiɗan gargajiya na rawa da ake yi da goge irin nasu mai tsirkiya huɗu, da sarewa, da wata irin algaita mai zuga-zugi da ake matsawa da gwiwar hannu. A ƙauyukansu na da, makaɗi yakan zauna a ɗakin girki ya yi kiɗa shi kaɗai, mutane suna rawa, babu wani abin kiɗa da ke yi masa rakiya. Tsofaffin waƙoƙinsu ma da murya zalla ake rera su, kamar yadda kakarki ke rera waƙar niƙa.

Talauci ya kori 'yan ƙasar da yawa zuwa Amurka. Cikinsu akwai wani gwanin goge mai suna Michael Coleman, ɗan yankin Sligo, wanda ya yi ƙaura a 1914. Daga 1921 ya fara naɗar kiɗansa a faifan garmaho a birnin New York. Kamfanonin faifai suna ganin goge shi kaɗai ba zai yi kasuwa ba, don haka sukan haɗa shi da mai fiyano, a wasu faya-fayan kuma da mai jita. Wasu daga cikin masu rakiyar ba su san waƙoƙin ba ko kaɗan. Har yau masu sauraren waɗannan faya-fayai suna yaba gogen, suna kuka da yadda fiyanon ke bin wata hanya daban.

Duk da haka, faya-fayan suka koma gida a cikin kayan 'yan ci-rani. Matasa suka zauna gindin garmaho suna kwaikwayon hannun Coleman, har salon yankinsa ya rinjayi na wasu yankunan da ba a naɗi makaɗansu ba. Kunnen mutane kuma ya saba da jin goge tare da rakiya. Coleman ya rasu a 1945, amma har yau ana koyon kiɗa daga abin da ya bari a faifai.

Jita ta yi ƙarfi sosai a farkon shekarun 1960, lokacin da ƙungiyoyin mawaƙa irin su The Clancy Brothers da The Dubliners suka shahara. Masu kishin gargajiya suka ce an lalata kiɗa. Sai wasu makaɗa suka nemo mafita: maimakon a lanƙwasa waƙa ta dace da jita, a sake ɗaurin jitar ta dace da waƙa. Wani ɗan Birtaniya mai suna Davey Graham, bayan ya je Moroko ya saurari kiɗan can, ya sassauta tsirkiya uku daga cikin shida na jitarsa. Wannan ɗauri yana ba da wani amo mai ɗorewa a ƙasa, wanda ba ya tilasta wa waƙa hanyar da za ta bi. Makaɗan Ayalan irin su Mícheál Ó Domhnaill na ƙungiyar The Bothy Band, wadda ta yi tashe daga 1975, suka rungumi wannan ɗauri, har ya zama kamar nasu. Ki lura da wannan: dabarar da ta sa jita ta zauna lafiya a kiɗan Ayalan, daga jin kiɗan Afirka aka samo ta.

Yau a wuraren da makaɗansu ke taruwa akwai ladabin da aka sani. Mai jita bako ne a zaman, sai ya san waƙa kafin ya sa hannu, ba ya ɗaga amo sama da mai goge, kuma ba a son jita biyu suna karo a lokaci ɗaya. Ban da wannan, sun kafa ƙungiyar koyar da yara kiɗan gargajiya tun 1951, sannan a 1987 suka buɗe ma'ajiyar adana kiɗan gargajiya a Dublin, inda ake tara tsofaffin faya-fayai da kaset. Saboda haka yaron da ya tashi da jita a can, in yana son jin yadda waƙar take kafin zuwanta, akwai inda zai je ya ji.

Abin da ke sa jita ta danne waƙa

Ki ɗauki molo ko gurmi ki duba wuyansa. Sanda ce sumul, babu wani ƙarfe da ya gitta ta. Goge ma haka, yatsan makaɗi yana zamewa a kan izga yadda murya ke hawa da sauka. Hausa, Zabarmanci da Dandanci duk harsuna ne masu karin sauti, wato hawa da saukar murya suna iya canza ma'anar kalma. Shi ya sa kalangu ke iya kiran sunan mutum a gane, shi ya sa goge ke yi kamar yana magana.

Jita kuwa an gitta wuyanta da ƙananan ƙarafa, kowane amo yana da wurinsa da ba ya gocewa. Kuma yadda aka fi koyar da ita a coci, a makaranta ko a bidiyon intanet shi ne a danne tsirkiya da yawa a kaɗa su gaba ɗaya, ana sauyawa daga wannan haɗi zuwa wancan bisa tsarin waƙar Turawa. Yawancin waƙoƙinmu na gargajiya a kan amo biyar suke tafiya, kuma ba a gina su don irin wannan sauye-sauye ba. In mai jita ya ɗora musu tsarin da ya koya, sai mawaƙi ya fara gyara muryarsa don ta dace. Sannu a hankali lanƙwasar da ke ba waƙar ɗanɗano sai ta miƙe.

Akwai kuma wani abu da ake rasawa a ɗakin naɗar sauti. Makaɗan gurmi da garaya sukan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sanda don ya riƙa ba da kaɗawa mai zirr. A kunnenmu wannan gishirin kiɗa ne. Mai haɗa sauti da ya koyi aiki da waƙar waje yana iya ɗaukarsa hayaniya ya rage shi.

Don haka in kina son gane irin jitar da ɗanki ke saurare, ki yi wannan gwaji. Ki bi muryar mawaƙin da bakinki. In kin ji jitar tana tafiya tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, tana maimaita abin da murya ta faɗa ko tana ba ta amsa kamar 'yan amshi, to jitar tana bin waƙa. In kin ji ana sharar tsirkiyoyin duka kamar shara da tsintsiya, muryar tana ƙoƙarin kamo su, to waƙar ce ke bin jita.

Waɗanda suka koya wa jita harshen bakin kogi

Kogin Neja, wanda mutanenmu ke kira Kwara, shi ne ya ratsa ƙasar Bagudo bayan ya wuce tsakanin Gaya da Malanville. In kika bi shi sama, za ki isa Yamai, ki wuce Gao, har ƙasar Tumbuktu a Mali. A can garin Niafunké Ali Farka Touré ya tashi. An haife shi a 1939, kuma da ɗan molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge ya fara kiɗa. Da jita ta zo hannunsa, sai ya kwashe abin da yatsunsa suka saba yi a kan waɗannan ya zuba mata. Ya yi waƙa da harshen Songhai, wanda ɗan'uwan Zabarmanci da Dandanci ne, ya yi da Fulatanci da Buzanci. Faifansa Talking Timbuktu na 1994, wanda ya yi da Ba'amurke Ry Cooder, ya ci kyautar Grammy. Bai bar noma ba, ya zama magajin garin Niafunké a 2004, ya rasu a 2006. Duk Badanden da ya saurare shi zai ji amon gida a ciki, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

A Yamai, Yacouba Moumouni, gwanin sarewar Fulani, ya kafa ƙungiyar Mamar Kassey a 1995. A wurinsu molo, kalangu, ƙwarya da sarewa ne ke gaba, jita tana zagaye su. Ƙungiyar Tal National ita ma ta Yamai ce, tana waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Buzanci, kuma kalangu bai rasa wurinsa a tsakiyar jitocinta ba. Faifansu Kaani ya fita a 2013 ya kai su Turai da Amurka.

A namu ɓangaren, Bala Miller ya gwada haɗa waƙar Hausa da jita da ƙahonin Turawa a Kaduna, kuma iyayenmu sun ji shi a rediyo da talabijin. Sai dai manyan makaɗanmu ba su nemi jita ba. Mamman Shata da kalangu ya tsaya har ya rasu a 1999. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya har ya rasu a 2015. Barmani Choge da ƙwarya ta yi suna. A nan Kebbi, gidan Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani na Yawuri sun riƙe kiɗan fada. Dalilin da ya sa ɗanki zai iya jin waɗannan mutane yau shi ne gidajen rediyo da masu kaset sun naɗe su. Makaɗa nawa ne a ƙauyukan bakin iyaka da suka kai su iya hannu, amma babu wanda ya kai musu rikoda?

Sakkwato, memori da wata yarinya mai turmi

Wani labari zai nuna miki ƙarfin wayar hannu. Mdou Moctar Buzu ne daga jihar Tawa a Nijar. Gidansu na masu riƙo da addini ne, ba su so ya yi kiɗa ba, don haka da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya da mawaƙan fim ɗin Hausa ke amfani da ita. Babu kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yi ta yawo ta bulutut da memori har suka kai Mali, inda wani Ba'amurke mai tara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya ya shiga neman mai ita. Yau Mdou Moctar yana cikin makaɗan jita da duniya ta sani.

Akwai kuma Fatou Seidi Ghali, 'yar ƙauyen Illighadad, ita ma a jihar Tawa. Da jitar yayanta ta koya wa kanta. Matan Buzaye suna da kiɗan da ake kira tende, wanda ake yi da turmi a rufe bakinsa da fatar akuya, mata suna tafi suna amshi. Fatou da 'yan'uwanta suka ɗora jita a kan wannan kiɗan na iyayensu mata, faifansu na farko ya fita a 2016. Da ba ta tashi tana jin tende a tsakar gida ba, da ba ta da abin da za ta ba jitar.

Kishiyar da ta fi jita ƙarfi

In za a faɗi gaskiya, a ƙasar Hausa fiyano ce ta fi kwace wa makaɗan gargajiya abinci. Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da waƙoƙin fim suka bunƙasa a Kano, fiyanon Yamaha ɗaya ta maye gurbin ayarin makaɗa. Yanzu ma kwamfuta ce ke yin aikin. Tana da amon da ya yi kama da kalangu, da na goge, da na sarewa, amma babu hannun mutum a kansu. A gidan biki kuma, hayar mai lasifika ta fi ɗaukar makaɗa sauƙi.

Ta wannan fuska jita tana da wani alheri. Abin kiɗa ne mai tsirkiya, sai an yi shekaru ana horar da yatsu da kunne kafin a iya ta, kamar molo. Yaron da ya iya ɗaya, ɗayar ba za ta yi masa nisa ba.

In ɗanki ya ce yana son jita

Da farko, malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, kuma kowane gida yana da fahimtar da yake bi. Wannan magana ce tsakaninki da maigida da malamin da kuka amince da shi. Akwai kuma tsohuwar fargabar kada a ce ɗan gidan mutunci ya koma maroƙi. In kun yanke cewa babu kiɗa a gidanku, ki faɗa wa yaron dalili da bakinki, cikin natsuwa, domin hanin da ba a bayyana ba shi ke tura yaro koyo a ɓoye wurin da ba ki sani ba.

In kuma kun yarda, ki sa masa sharaɗi. Karatun boko da na islamiyya su ne gaba. Ki san wanda ke koya masa da inda suke zama, da lokacin da zai dawo gida. Sannan ki nemi ya fara zama kusa da mai molo ko mai goge na garinku, ko da sau ɗaya a mako ne, da izinin mahaifinsa. Ki ce ya koyi waƙa ɗaya ta harshen gidanku da baki, ya rera miki, kafin ya neme ta a kan tsirkiya. Ki kuma saurari kalmomin waƙoƙin da ke cikin wayarsa. Sau da yawa abin da ke ɓata tarbiyya yana cikin baitin, ko da wane abin kiɗa aka raka shi.

Aikin da ke hannunki

Akwai wani rukuni na waƙoƙi da ba ya buƙatar jita ko molo, kuma shi ya fi kusa da ɓacewa: waƙoƙin mata. Injin niƙa ya shigo, waƙar niƙa ta yi shiru. Lugude ya ragu. 'Yan mata sun rage fita dandali, gaɗa ta koma sai a bikin makaranta. Waƙar rarrashin jariri da kakarki ta yi wa mahaifiyarki da Dandanci, Zabarmanci, Fulatanci ko harshen Kyangawa, mai yiwuwa a bakin tsohuwa ɗaya ta rage a zuriyarku. A yankin da aure da kasuwanci suka haɗa Bagudo da Segbana da Gaya, wata waƙar ma rabinta yana wannan ƙasa, rabinta yana hayi.

Wayarki tana da wurin naɗar murya. Ga yadda za ki yi:

Ki nemi izinin tsohuwar, ki gaya mata abin da za ki yi da muryarta. In ta ce a'a, ki bar ta.

Ki zaɓi lokacin da janareta ba ya aiki, yara ba sa hayaniya. Ki ajiye wayar kusa da ita a kan tabarma ko matashi, kada ki riƙe a hannu tana motsi.

Kafin ta fara, ki faɗi sunanta, garinsu, ranar da ake ciki da harshen waƙar. Bayan ta gama, ki tambaye ta a wurin wa ta koya, kuma a wane lokaci ake rera ta. Ki bar wayar tana ɗauka, domin bayanin yakan kai waƙar daraja.

Kada ki bari a ɗora mata kiɗan kwamfuta a kan na asali. In wani ɗanki yana son gwada jita a kai, ya yi a kan kwafi.

Ki ajiye a wuri biyu, memori daban da kuma wayar wata 'yar'uwa. Waya takan faɗa ruwa, takan ɓata a kasuwa.

Kada ki watsa muryar matar mutane a Facebook ko TikTok ba da yardarta da ta gidanta ba. Zauren WhatsApp na dangi ya isa.

Haka za ki yi in an gayyato mai goge ko mai molo suna ko biki a unguwarku. Ki nemi izininsa, ki yi masa alheri kamar yadda aka saba, ki naɗi waƙa ɗaya cikakkiya daga farko har ƙarshe, maimakon guntun daƙiƙa talatin na masu liƙi.

Mutanen Ayalan ba su kori jita ba, kuma kiɗansu bai mutu ba, domin sun ajiye na asali inda yara za su same shi, sun kuma nuna wa baƙuwa wurin zamanta. Mu ba mu da irin ma'ajiyarsu a Bagudo, amma kusan kowane gida akwai waya, kuma har yanzu akwai tsofaffi a raye. Wace waƙa ce kike tunawa daga bakin kakarki, da wane harshe take, kuma akwai wanda ya rage a gidanku da ya iya ta har ƙarshe? Ki faɗa mana, wataƙila wata 'yar'uwa a Kamba ko Malanville tana riƙe da baitin da ya ɓace miki.